Bas Mai Hawa Biyu: Daga Madina Zuwa Kwatarkwashi



Da na je Umara na hau wata jar bas mai hawa biyu a Madina, samanta a buɗe. Tikiti ɗaya za ka saya, ka sauka a Uhudu ko Masallacin Kuba, in ka gama ziyara ka hau ta baya. Ka sa abin sauraro a kunne, ana ba ka tarihin duk inda aka wuce. Wallahi ina zaune a sama, hankalina yana gida Gusau.

Wannan buɗaɗɗen saman fa asalinsa ba ado ba ne. A Landan, lokacin da doki ke jan bas, fasinjoji sun yi yawa, sai aka kafa benci a kan rufi, ana zama cikin sanyi da ruwan sama. Da aka fara rufe saman a shekarun 1920, murna aka yi. Daga baya aka gane baƙo so yake ya ga gari. A 1951 hukumar sufurin Landan ta fara zagayawa da masu yawon buɗe ido, kamfanin Big Bus ya fito a 1991, sai City Sightseeing a 1999 daga Sifen, wanda jajayen motocinsa ke yawo a Madina yau.

To me suke sayarwa? Labarin garinsu. Mu ma muna da shi. Ka tashi daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Gusau, ka kama hanyar Funtuwa. Ga Dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu, tun daga nesa yake tare maka ido. Gaba kaɗan ga 'Yandoto a ƙasar Tsafe, garin malamai tun kafin jihadi.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: wa zai zauna a saman buɗaɗɗiyar mota a hanyar da direba ke taka wuta don tsoron 'yan bindiga? Ƙanena ya gama sakandare bai taɓa taka dutsen nan ba, mu kuwa da ƙafa muka hau shi muna yara.

Bas ɗin sai tsaro ya samu. Labarin kuwa ba ya jira, don tsofaffin da suka san shi tafiya suke yi. Ɗauki wayarka, zauna gaban kakarka, naɗi muryarta.

Wane wuri ne a garinku ya cancanci a tsaya? Ku faɗa mini. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.