Ku San Lambarku: Jawabi ga Masu Ciwon Sukari da Iyalansu a Krofrom



Mai ciwon sukari yana ganin likita na 'yan mintoci ne, ko a Komfo Anokye ko a asibitin Manhyia. Sauran kwanakin kuwa, a rumfa da cikin mota da gaban tukunya, shi ne mai kula da kansa. Na lura cewa wanda aka bai wa ƙwaya kawai yakan zauna cikin fargaba: yau ya ƙi cin komai, gobe ya fid da rai ya ci komai. Wanda aka yi wa bayani kuwa, hankalinsa a kwance yake, domin ya san abin da zai yi.

Ku fara da lamba. Awon safe kafin karin kumallo, idan ya kai 7 ko ya wuce a gwaji biyu, alamar ciwon ce. A nan Ghana haka na'urorinmu ke ƙirgawa. Amma ku fatake, ku saurara da kyau: wannan 7 ɗin shi ne 126 a yawancin na'urorin Kano, shi ne kuma 1,26 a takardar asibitin Maraɗi ko Lome. Jini ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta, kamar mudu da kilo. Kada Hajiya ta ga 126 a kan hanya ta firgita ta ninka magani. Ta raba shi da 18, za ta ga lambar da ta saba.

Faɗuwar sukari ta fi hawansa saurin kayar da mutum, musamman mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide da ciniki ya hana shi cin abinci. Makyarkyata, gumi mai sanyi, jiri, ko lamba ƙasa da 4: a dama cokali uku na sukari a ruwa a sha nan take, a sake awo bayan minti 15, sannan a ci abinci. Ku koya wa maƙwabciyar rumfarku wannan tun yau. Wanda ya suma, ba a ɗura masa komai a baki; asibiti za a kai shi.

Ba a haramta muku tuwon zafi ko wake da shinkafa ba. Malmalar ta zama kamar dunƙulen hannunku, miyar ayoyo ta yawaita, wake ya rinjayi shinkafa. Koko da zobo dai, sukarin da ake zuba musu shi ne abin gudu, kuma na san rabuwa da shi da wuya.

Lokacin alwala ku duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ku tsane su. Ciwon yana kashe jin zafi, har ƙusa ta shiga ba a sani ba. Gyambo ko ƙarami ne, kada ya kwana uku a gida.

Ranar asibiti ku riƙo katin inshorar lafiya da littafin da kuke rubuta awonku, ku taho da ɗa ko jika mai karatu. Ku tambayi sunan maganinku, da lambar da ake so ku tsaya a kai. Kafin watan azumi kuma, ku zo a gyara muku lokutan shan magani.