Zare Ɗaya da Fitila Ɗaya: Ina Aikin Ɗalibin Zane Yake?



Akwai tambayar da na sha ji ranar duba aikin 'yan ajin ƙarshe a sashen zane. Mai jarrabawa zai shiga ɗaki, ya tarar an ɗaure zare daga bango zuwa ƙasa, ga fitila a lungu. Sai ya waiga dama ya waiga hagu, ya ce wa ɗalibin, "To, ina aikin?" Ba da mugunta yake tambaya ba. Idonsa ya saba da hoton da aka rataye a bango da sassaƙar da aka ɗora kan teburi. Yau na zo ne in tsaya wa wannan ɗalibi, domin na yi imani abin da yake yi aiki ne na gaske, kuma yana da wuya fiye da yadda ake zato.

Turawa na kiran wannan fanni instaleshan. Ni zan kira shi fasahar girkawa, wato a girka abu a wani wuri har wurin da abin su zama ɗaya, mai kallo kuma ya shiga ciki da ƙafarsa.

A 1967 wani ɗalibin sassaƙa a Jami'ar Yale ta Amurka, Fred Sandback, ya ɗauki zare da waya ya fitar da siffar dogon katako mai ƙafa 20 a daɓen ɗakin aikinsa. Gefunan kawai ya ja, katakon babu shi. Amma duk wanda ya duba sai ya ga katako kwance. A 1968, tun bai gama karatu ba, aka nuna aikinsa a Jamus, kuma bai rabu da zare ba har ya mutu a 2003. Daga baya ya koma ga zaren ulu irin na saƙar rigar sanyi, mai ɗan gashi-gashi a jiki. Yakan miƙe shi daga rufi zuwa ƙasa ya yi kusurwa huɗu, mutum ya zo wucewa ya tsaya cak, yana jin kamar gilashi ne a gabansa, alhali iska ce kawai. Ido ba ya son giɓi. Idan ka ba shi gefe huɗu, shi zai cike tsakiyar da kansa. Wannan ɗabi'ar ta ido ita ce kayan aikin Sandback, zaren kuwa ƙugiya ce da yake kamo ta da ita.

Ɗalibi na biyu Olafur Eliasson ne. A 1993, yana karatu a makarantar fasaha ta babban birnin Denmak, ya huhhuda mesar ruwa ya rataye ta a saman wani ɗaki mai duhu, ruwa na sauka kamar yayyafi, ya haska shi da fitila ɗaya. Wanda ya tsaya a daidai wurin sai ya ga bakan gizo a cikin ɗaki. Ya matsa kaɗan, launin ya canja, ya ƙara matsawa, ya ɓace. Dalili shi ne ɗigon ruwa yana mayar da haske ne a kan wata kusurwa, wajen digiri 42, don haka kowane mai kallo da nasa bakan gizon, gwargwadon inda idonsa yake. Bai ɓoye mesar ba, bai ɓoye fitilar ba. Shekara goma bayan nan, a 2003, shi ne ya girka wata ƙatuwar rana ta fitilu da madubi a gidan nunin Tate Modern na Landan, mutane wajen miliyan biyu suka je kallo.

Kada wani ya ɗauka shiga ɗakin duhu da fitila wasan zamani ne. Hasan Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya jera fitilu a gaban wata 'yar kafa da ke buɗewa cikin wuri mai duhu. Kowace fitila ta jefa nata ɗigon haske a bango. Ya rufe ɗaya, ɗigonta kaɗai ya ɓace. Da irin wannan gwaji ya nuna a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma haskoki na ratsa juna ba tare da sun cakuɗe ba. Ashe haske ma layi ne. Duk wanda ya kwana a ɗakin da rufin kwanonsa ya huje ya san haka: da hantsi, idan ana shara, zai ga tsinken rana ya sauko a miƙe kamar an ja shi da igiya, ƙura na yawo a cikinsa.

Bari in ba ku labarin wata ɗaliba da na bi aikinta na tsawon zango ɗaya. Ta sami wani ɗakin ajiya, ta kafa ƙusoshi a bango biyu, ta ja farin zare sama da sili ɗari. Burinta inuwar zaren ta cika ɗakin kamar saƙar gizo-gizo. Ta kunna babban ƙwan lantarki, inuwa ta ƙi fita, sai wani dishi-dishi a bango. Ta sayo wanda ya fi shi haske, abin bai canja ba. Ta yi kwanaki tana jin haushin kanta. Wata rana aka ɗauke wuta tana ciki, ta kunna tocilar wayarta don ta tattara kayanta, sai ga bango ya cika da layuka baƙaƙe, kowanne da kaifinsa. Ta zo mini da gudu tana cewa, "Malam, ashe ƙwan ne ya yi girma!" Gaskiyarta. Babban ƙwai yana jefo haske daga wurare da yawa, sai ya zagaye siririn zare ya wanke inuwarsa. Ƙaramin ido irin na tocilar waya daga wuri ɗaya yake jefowa, shi ya sa inuwar ke fita da kaifi. Daga nan ta fara awo. Ta ga idan ta matso da fitila kusa da zare, inuwar na faɗaɗa. Ta ga idan ta ninka nisan fitila da bango, hasken da ke isa bangon yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ta kuma lura zaren yana ɓacewa da tsakar rana a jikin farin bango, sai la'asar sakaliya, da rana ta shigo ta taga a karkace, yake bayyana kamar an shafa masa zinariya. Duk ta rubuta a littafi, da lokaci da nisa. A wurina littafin nan rabin aikin ne.

Ba ma sai mun je Turai aron ido ba. Masaƙi idan yana wadari yakan kafa turaku ya ja zare mai nisa, mai wucewa dole ya kewaya. Asabari yana yanka rana sili-sili ya shimfiɗa ta a tabarma. Kuma ku tuna maginan gargajiya suna kiran lanƙwasar da ke ɗauke da rufin soro bakan gizo, sunan nan dai na abin da Eliasson ya kama da mesa. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ɗaga kai, zai ga layuka suna tashi daga ginshiƙai suna haɗuwa a sama, ɗan hasken da ke shigowa yana bin bayansu. A Zariyar ne kuma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, suna cewa a haɗa abin da aka koya a aji da abin da aka gada a gida. Okeke ya koma ga layin zanen uli na matan Ibo. Ɗalibinmu na yau yana da wadari da asabari da bakan gizo, amma sau da yawa abin da ya gani a intanet yake kwaikwayo.

Ina da roƙo ga malamai 'yan uwana. Ɗalibin girkawa ɗaki yake buƙata na makonni, da izinin kafa ƙusa da toshe taga. Ranar dubawa kuma a tambaye shi wane lokaci aikin ke fita, a zo a lokacin, a shiga a zagaya, a durƙusa, a tsaya inda ya nuna. Hoton waya ba ya ɗaukar irin wannan aiki, don haka kada a ba da maki a kansa.

Ku kuma ɗalibai, ban ba ku lasisin ɗaura zare barkatai ba. Idan na tambaye ka me ya sa ƙusar nan take nan ba can ba, ina son amsa. Ga aikin da nake so kowa ya gwada kafin mako mai zuwa: ƙunshin zare ɗaya, ƙusa shida, tocila ɗaya, da ɗakin da za ka iya rufewa. Ka ja layi uku kacal. Ka duba su da asuba, da azahar, da la'asar, da dare, ka rubuta abin da ka gani kowane lokaci, ka zo da littafin.