"Ina Zuwa" da Turanci: Inda Ƙannenmu Ke Tuntuɓe



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan abin da ke kayar da ƙannenmu da 'ya'yanmu a jarrabawar Turanci. Kowa ya san yadda lamarin yake. Yaro zai ci lissafi, ya ci kimiyya, amma muddin bai sami kiredit a Turanci ba a WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Nan nake ganin yaran Mafara da Bakura da Maradun masu ƙwaƙwalwa suna zaman shekara biyu ko uku a gida saboda takarda ɗaya. Turanci kogi ne, ba zan iya ƙetare shi a ɗan lokacin da aka ba ni ba. Zan tsaya ne a kan lokacin yanzu kawai, wanda malamanmu ke kira "present tense", domin a nan ne jan biro ya fi yawa a takardun yara.

Abin da na lura da shi shi ne, yaron ba daƙiƙi ba ne. Da Hausa yake tunani, kuma daidai yake tunaninsa. Matsalar ita ce "ina" ɗinmu guda ɗaya tana ɗaukar kayan da Bature ya raba wa jakuna uku.

Ku duba. Idan aka tare ni a hanya na ce "ina zuwa kasuwa", Turancinsa "I am going to the market". Amma idan na ce "ina zuwa kasuwar Mafara duk ranar Talata", ba a kan hanya nake ba, al'adata nake faɗa, sai Bature ya ce "I go to Mafara market every Tuesday". Hausa ma tana da abin da masana nahawu ke kira sabau, wato "nakan je", to amma wa ya cika amfani da shi a hira? "Ina" muke cewa. Shi ya sa yaro zai rubuta "My father is growing rice at Bakolori every year", alhali "grows" ake so. Nan kuma ga ƙaramar "s" ɗin nan da ake liƙa wa aikatau idan ana maganar shi ko ita. Mu a Hausa "noma" ba ya canjawa, ko ni ne ko shi ne ko su ne, saboda haka kunnen yaro ba ya jin rashinta. Sai an maimaita masa da baki har ta zauna.

Jaka ta uku ita ce ta fi wahala. Muna cewa "ina zaune a Bakura tun 1996". Yaro zai juya shi kai tsaye ya ce "I am living in Bakura since 1996", kuma kuskure ne. Abin da ya faro a baya, har yanzu bai yanke ba, Bature "have" ko "has" yake sa masa: "I have been living in Bakura since 1996". A shekarar nan ce aka ƙirƙiro jiharmu daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ranar 1 ga Oktoba, don haka "Zamfara has been a state since 1996". Dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, "The dam has been there since 1978". Ni a ganina, duk inda yaro ya ji "tun" a zuciyarsa, to ya nemi "have" ko "has" kafin ya ajiye biro. Wannan ɗan gargaɗin kaɗai zai tsirar da maki masu yawa.

Sai "ina da" da "ina so". Su ne uwayen "I am having two brothers" da "I am wanting water". Har manya masu digiri na ji suna faɗar na farkon a rediyo, kada mu ɗora wa yara laifin duka. Mallaka da so da sani ba aikin da ake gani ana cikin yi ba ne, saboda haka "I have", "I want", "I know" ake cewa. Abin sha'awa, a wajen sani mu ma ba ma cewa "ina sani". "Na sani" muke cewa, "na gane", kamar abin ya riga ya wuce, ga shi kuwa yanzu ake nufi. Kun ga kowane harshe da inda yake ajiye kayansa.

Akwai kuma "idan ya zo zan faɗa masa". Yaro ya ga zuwan bai auku ba tukuna, sai ya rubuta "when he will come". Bature lokacin yanzu yake sawa a nan: "When he comes, I will tell him".

Ga inda nake son iyayenmu malamai su yi mini haƙuri. A zamaninmu an san dokar nan ta cin tarar wanda ya yi Hausa a aji. Na san niyyar kirki ce, kuma ta sa bakinmu ya saba. Littafin Brighter Grammar ma ya yi mana rana. Sai dai waɗanda suka rubuta shi ba don ɗan Hausa kaɗai suka rubuta ba, ba za su gaya masa cewa "ina" ce ke yaudararsa ba. Wannan sai malamin da ya ji harsunan biyu. Minti goma a kan allo, Hausa a hannun dama, Turanci a hagu, ya fi mako guda ana haddar ƙa'ida. Bayan nan a koma Turanci zalla, ban hana ba.

Roƙona ga ƙungiya shi ne, da yawa daga cikinmu malamai ne a makarantun ƙananan hukumomin nan uku, wasu kuma sun yi ritaya suna gida. Mu ware Asabar biyu a kowane wata kafin jarrabawa, mu zauna da 'yan ajin ƙarshe. Kowane yaro ya rubuta jimla goma a kan gidansu da gonarsu da kasuwarsu, a gyara masa a gabansa, a gaya masa da Hausa daga inda kuskuren ya fito. Kuɗin alli da takarda ba zai gagari asusunmu ba. Ni na ɗauki Asabar ta farko, wanda zai ɗauki ta biyu ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.