Halin mutum da aikin da ya dace a ba shi



Shugabannin ƙungiya sun ce mu malaman lakwal mu ɗan yi magana kafin a shiga zaɓen sabon biro. Munka ce to, bari mu yi ta bisa hali. Mun san zancen hali ba mu za mu koya wa dattawa shi ba, ku da kuke ɗaura aure kuna raba gardamar iyakar gona tun ba a haife mu ba. Amma gobe war haka za a ɗauki makullin rumbun tsimi da littafin asusu a danƙa ma wasu daga cikinmu, kuma kuɗin da ke cikin asusun ga gumin mutane ne, wani dako ya yi a kasuwa, wani ruwa ya tura a kura. Don haka munka ga ya kamata mu kawo abin da munka karanta, ku auna shi da abin da kunka gani da idonku.

Wani Bature ɗan Ingila, Kirk-Greene, wanda ya daɗe yana aiki a arewacin Najeriya, ya fitar da ɗan littafi a 1974 bisa abin da Bahaushe ke kira mutumin kirki. Ya lissafa abu goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu wanda zai yi musun ko ɗaya a nan. Sai dai ku duba, ana samun mutum biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, duka masu gaskiya da amana, amma ɗaya in ka aike shi kafin ka rufe baki ya kai ƙofar gida, ɗayan kuwa sai ya tambaye ka sau uku ina ne, wa zai iske, me zai ce. Babu mugu cikinsu. Wanga bambanci shi muke son mu taɓa, don shi ke sa a ba mutumin kirki aikin da ba nashi ba, ya kāsa, a koma ana zarginai.

Likitocin dauri, tun daga Jalinusu har Ibn Sina, sun ce jikin mutum yana tsakanin zafi da sanyi, danshi da bushewa, kuma halinai daga nan yake fitowa. Malamanmu na zaure sun san wanga bayani. Likitancin yau ya bar shi, amma ya bar muna kalmomi a baka, har gobe muna cewa wane mai zafin rai ne, wance mai sanyin jiki ce.

A littattafan horon malamai na Faransanci akwai wani rabo da ya fi wannan amfani gare mu cikin aji. Asalinai ƙasar Holan, inda masana biyu, Heymans da Wiersma, a farkon ƙarni na 20 sunka aika wa likitoci tambayoyi su bayyana halayen gidajen da sunka sani, iyaye da ɗiya. Wani Bafaranshe, René Le Senne, ya tsara abin cikin littafi a 1945, sannan Gaston Berger, wanda anka haifa a Sanluwi ta Senegal a 1896, kuma jami'ar garin ke ɗauke da sunanai, ya mayar da shi tambayoyin da malami zai iya aiki da su a 1950. Tambaya uku ce kawai. Abu kaɗan yana girgiza mutum, ko sai babba? Yana tashi aiki da kanshi, ko sai an tura shi? Kuma in abu ya same shi, yana wucewa nan da nan, ko yana kwana cikin ranshi? Kowace tambaya amsa biyu, sai ya ba da iri 8.

Ba za mu gajiyar da ku da sunayen takwas ɗin ba. Ta ukun ce muke so ku riƙe, don ita ce mutane ba su cika lura da ita ba. Akwai mai hushin wutar kara: ya tashi, ya yi ta faɗa har maƙwabta su leƙo, kafin la'asar ya manta, ya zo yana neman goro wurin wanda ya zaga. Akwai kuma mai garwashi cikin toka: ka faɗa mai magana a bainar jama'a ya yi murmushi, bai ce uffan ba, sai bayan damana biyu, ranar da ka zo aron garma, ka ji amsar. Mu kan ce na farko mai mugun hali, na biyu mai haƙuri, alhali sau da yawa na biyun bai haƙura ba, ajiya ya yi. Amma kada a yi saurin kushe shi. Wanga mai riƙo shi ne kuma wanda ba ya manta alheri, ba ya manta alkawari, ba ya manta cewa wane ya ranci tiya 10 ta gero watan bakwai bai biya ba. Na farkon kuwa, da ya manta zagin da ya yi maka, haka zai manta bashin da ya ɗauka, ba da mugunta ba.

Cikin aji muna ganin abin ga kullum. Yaro guda ka tsawata mai, ya yi kuka, da an fita shan iska shi ne gaba wurin ƙwallo. Wata yarinya ka ce mata "ba ki iya ba" gaban ƴan'uwanta sau ɗaya, ta daina ɗaga hannu har ƙarshen shekara, uwarta ta zo tana cewa lakwal ba ta karɓe ta ba, gara a cire ta. Kalma ɗaya ce, nauyinta ya bambanta. Haka cikin gida. Miji mai wutar kara ya faɗi magana da safe, ya tahi gona ya dawo yana raha, yana mamakin abin da ya sa tuwo ya zo ba a ce mai sannu ba. Shi a wurinai zance ya mutu tun hantsi, ita a wurinta yanzu ya soma. Iyayenmu masu sulhu, in kun zauna da irin waɗannan, ba daidai ba ne a ce ma su biyun "ku yi haƙuri" a tashi. Shi abin da zai koya shi ne ya dawo bisa maganar ya nemi gafara ko da yana ganin ta wuce. Ita kuma ta faɗi abin da ke ranta tun yana ƙarami.

Yanzu masana sun bar zancen gida takwas, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne. Da anka auna mutane da yawa, sai anka ga hali kamar tsawo yake: dogaye ƙwarai kaɗan ne, gajeru ƙwarai kaɗan ne, mafi yawa suna tsakiya. Tun wajen 1990 ma'auni biyar sunka fi karɓuwa: son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, kula da aiki da cika alkawari, saurin damuwa, da son sabon abu. Kowa yana da rabo cikin kowane, wani da yawa wani kaɗan. A 1991 masana biyu a Amurka, Barrick da Mount, sunka tara bincike 117 da anka yi bisa ma'aikata iri iri, ƴan sanda, masu saida kaya, shugabannin ma'aikata da sauransu. Abin da ya fito a kowace sana'a shi ne na ukun, wato kula da cika aiki. Iya magana da son jama'a ya yi amfani wurin ciniki da shugabanci, amma ba ko'ina ba.

Ba mu ce ma'aunin Turawa ya dace da kowa ba. A 2013 an gwada shi ga Tsimane, wasu mutanen daji a ƙasar Bolibiya masu noma da farauta, biyar ɗin ba su fito ba. Abu biyu sunka fito fili, zumunci da himmar aiki. Da munka karanta wannan dariya munka yi, don in uba a garin ga zai ba da ɗiyarshi, tambaya biyun ke nan da yake aikawa a yi mai: yaron yana da zumunci? yana noma?

Saura zancen da ya fi muna nauyi. Muna cewa hali zanen dutse. Rabin gaskiya ne. Binciken da anka yi bisa tagwaye ya nuna wajen kashi 40 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane gado ne, saura kuwa daga abin da rayuwa ta yi da mutum. Kuma a 2006 an haɗa bincike 92 da sunka bi mutane shekara da shekaru, anka ga yawancin mutane suna ƙara natsuwa da kula da aiki yayin da suke girma, musamman tsakanin shekara 20 da 40. Kun san haka ba tare da littafi ba. Nawa ne cikin masu furfura da ke zaune bisa tabarmar gaba waɗanda, in tsofaffin mata sunka ba da labarin samartakarsu, sai mu rufe kunne? Ba mu kama suna ba.

Abin da ya sa munka tsaya a nan: akwai samari da sunka tahi ci-rani suna da shekara 18 ko 20, sunka yi shekara biyu ba aike, ko anka ba su saƙo ya narke a hanya. Tun daga ranar an rufe littafinsu, ko sun kai arba'in ana cewa "ai wane, mun san halinai". Wasu cikinsu sun daina zuwa taro saboda wannan, kuma da su da kuɗinsu ƙungiya ta rasa. Ba mu ce a ba su makulli gobe ba. Mun ce a duba shekarun ga biyar na baya, a bar na ashirin da sunka wuce. Haka yaron da anka laƙaba ma daƙiƙi tun aji ɗaya don ba ya magana. Shiru ba rashin kai ba ne. Sau da yawa mai shirun ne ke kawo lissafi daidai, in an ba shi allo maimakon a ce ya tashi tsaye ya faɗa.

Wata aba kuma, mu kan raba hali bisa ƙabila ko gari: Bagobiri kaza, Bazabarme kaza, Bafillace da Babarbare kaza. Wasa ne mai kyau, ya kashe faɗa da yawa a ƙasar ga, har UNESCO ta sa wasan dangantaka na Nijar cikin gadon duniya a 2014. A bar shi wurin wasa. Ranar da za a ba da amana, ko a ɗauki yaron shago a Kwatano, mutum guda ake dubawa.

To mu zo ga gobe. Shugaban ƙungiya yana bukatar baki da fuska, wanda zai shiga ofishin magajin gari bai ji tsoro ba, a ƙi shi yau ya koma jibi, a zage shi a taro ya kwana ya manta. Mai wutar kara yana iya wanga aiki, in akwai dattijo kusa da shi. Ma'aji kuwa akasin haka muke nema, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke tuntuɓe, don wanda kowa ke so shi ake tsayarwa. Wanda kowa ke so sau da yawa shi ne wanda ba ya iya cewa a'a. Kawunai ya zo da dare, matarshi ba lahiya, jaka 20 kawai zuwa ranar kasuwa. Ya buɗe akwati don tausayi, bai rubuta ba don kunya. Haka sau biyar, ranar lissafi kuɗi ba su cika ba, a ce ɓarawo ne, alhali ko dala bai ci ba. Mu munka ɗora mai kayan da halinai ba ya ɗauka. Ma'aji shi ne mutumin nan da kuke ce ma mai tauri, mai ƙididdiga, wanda ke tambayar takarda ko ga wanshi. Ba a cika son zama da shi a fada ba, amma shi ya dace.

Ko shi ma kada a bar shi shi kaɗai da halinai, don mutum duk taurinai yana da uwa, yana da suruki. A nan iyayenmu mata sun riga mu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya soma a jihar Maraɗi a 1991 kuma ƙasashe da yawa sunka kwaikwaya, ya kai ga akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu, ba a buɗewa sai gaban kowa. Wadda ke ajiye da akwati in ɗan'uwanta ya zo roƙo ba sai ta yi ƙarfin hali ba, ta ce makulli ba ya hannunta, kuma gaskiya ta faɗa. An tsare kuɗi, an tsare zumunci.

Shawararmu ga biro ita ce a sa wanga tsari ga asusu da rumbun tsimi tun kafin a kira sunan kowa, don kada wanda anka zaɓa ya ga kamar shi ake zargi. Makulli ɗaya ga dattawa, ɗaya ga mata, ɗaya ga wakilin ƴan ci-rani da ke zaune gida. A riƙa karanta lissafi da ƙarfi kowane wata bayan sallar Juma'a, a ɗauki hoton shafin da salula a aika ma na Yamai da na waje. Mu malaman lakwal mun ɗauki nauyin jan layukan littafin da koya ma wanda anka zaɓa yadda ake cika shi, ranar Laraba da marece, tunda ba aji.

Shugaba, magana ta dawo gare ka.