Ɗan Adam na Ƙarshe Baƙi Ne

A shekarar 1988 gidan talabijin na BBC a Ingila ya fara nuna wasan barkwanci mai suna Red Dwarf, labarin jirgin haƙar ma'adinai da ya ɓace a sararin samaniya. Bayan shekara miliyan 3, mutum ɗaya tak ya rage a raye, Dave Lister. Craig Charles ne ya fito a matsayinsa, ɗan Liverpool wanda mahaifinsa ɗan Guyana ne. Abin ya burge ni ƙwarai: ragowar zuriyar Annabi Adamu baƙi ne, malalaci mai son abinci mai yaji, kuma ba a mai da launin fatarsa abin dariya ba.

Inda nake da ja shi ne kan Cat, abokin zaman Lister a jirgin, wanda Danny John-Jules, shi ma baƙi, ya fito a matsayinsa. Jikan kyanwa ne, ga kwat mai ƙyalli, ga fiƙoƙi, kullum yana gaban madubi yana shafa gashi. Fina-finan Turawa sun daɗe suna sanya wa baƙar fata wannan riga ta ɗan gayu marar tunani. Masu shirya wasan ma abin ya dame su, har suka ba Craig Charles rubutun ya duba musu ko akwai wariyar launin fata a ciki. Daga nan ne ya nemi a gwada shi a matsayin Lister.