RUWAN FAMFO DA ƘA'IDARSA

Yau maganarmu a kan ruwan sha take, musamman ga mutanen Birnin Kebbi da Argungu da sauran garuruwan bakin fadamar Rima. Hausawa sun ce ruwa abokin aiki. Gaskiya ne, amma in ba a kula da shi ba, shi ne kan kawo cuta har cikin ɗaki.

Ku dubi yadda gulbin nan yake. Yana gangarowa daga wajen Goronyo, ya wuce Sakkwato, ya biyo ta Argungu, ya zo Birnin Kebbi, sa'an nan ya tafi ya faɗa Kwara. Watau abin da na sama ya zubar, shi na ƙasa zai sha. A cikinsa ake wanka da wanki, a nan shanu ke sha, waɗansu kuma a bakinsa suke bayan gida. In aka yi ambaliya, kamar ta 2010 da ta 2020, sai ruwa ya cika masai, ya kwashi ƙazanta ya zuba a rijiyoyi. Ta wannan hanya kwalara da taifot da atuni ke shiga gari. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Jihar Kebbi kuwa tana cikin jihohin da abin ya taɓa.

Wani zai ce, "Ai ruwan rijiyarmu garau yake kamar hawaye." To, ku sani ƙwayoyin cutar nan ido ba ya ganinsu, harshe kuma ba ya jin su, sai an auna. Don haka ne gwamnati ta kafa ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa a 2007, aka sake gyara ta a 2015. Ga kaɗan daga abin da ta tanada. In an ɗebi ruwa mililita 100, watau kimanin rabin kofin shayi, aka auna, kada a sami ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida ko guda ɗaya. Kada ruwa ya zama gurɓatacce da laka. Kuma lalle ne a sami ragowar maganin kilorin, kamar miligiram 0.2 a kowace lita, a ruwan da ya iso bakin famfo. Ƙa'idar ta raba aiki biyu: mai ba da ruwa shi zai riƙa auna ruwansa, ma'aikatan lafiya kuma su bi bayansa su duba, domin ba a barin mutum ya yi wa kansa alƙalanci.

Yanzu bari ku ji abin da ake yi a gidan ruwa, irin na Dukku a Birnin Kebbi, wanda ke hannun Hukumar Ruwa ta Jihar Kebbi. Da fari injin zai jawo ruwa daga gulbi. Sai a zuba masa alif, laka ta dunƙule ta kwanta a ƙasa. Daga nan a bi da shi ta cikin yashi ya tace. Kana a sa kilorin, a bar shi kamar rabin sa'a ya kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan a tura shi tanki, ya bi bututu zuwa unguwanni. Saboda haka in kun ji ɗan warin magani a ruwan famfo, kada ku ƙyamace shi. Wannan wari shi ne shaidar cewa mai gadi ya rako ruwan har ƙofar gidanku.

Amma ga inda matsala take. Muddin bututu yana cike da ruwa, in ya tsage, ruwa waje yake fita. In aka ɗauke ruwa kuwa, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa tsotso abin da ke kewaye da shi. In ta cikin kwata ya bi, ruwan kwata zai tsotso. Don haka ranar da famfo ya dawo, ku bar ruwan farko ya zuba har ya washe kafin ku tara. Wanda ya ga bututu ya fashe a unguwa, ya gaya wa mai unguwa ko ofishin Hukumar Ruwa a ranar nan. Wanda kuma ya huda bututu da dare don ya ja ruwa gidansa a ɓoye, ya sani ya karya doka, ya kuma buɗe wa cuta ƙofa zuwa randar maƙwabtansa.

Masu rijiya da burtsatse, ku ma ƙa'ida ta hau kanku. Tsakanin rijiya da masai a bar mita 30, watau kamar taku arba'in na babban mutum. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga, kada a yar da ita a ƙasa. In dubagari ya zo dubawa, ku buɗe masa ƙofa, aikinku yake yi. In za ku sayi ruwa wurin 'yan garuwa, ku tambayi inda suka ɗebo, ku leƙa cikin jarka. Ruwan leda kuma a duba lambar hukumar NAFDAC a jikinsa.

Sai mu zo ga uwargida, gama randa ita ce gidan ruwa na ƙarshe. A wanke ta, a rufe ta, a ware mata moɗa guda mai mariƙi, kada yara su tsoma hannu. Ruwan da ba ku amince da shi ba, ku tafasa shi har ya yi ta ɓararraka, ko ku sa maganin kilorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalba. In wani ya fara amai da gudawa, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a yi ta ba shi, a kuma garzaya da shi asibiti.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu. Dattawa sun tuna kurkunu, yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina. A 1988 an ƙidaya masu shi fiye da 650,000 a ƙasar nan. Da aka dage da tace ruwa da haƙa rijiyoyi masu kyau, bayan 2008 ba a sake ganinsa ba, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Sai dai ƙyallen da ya tare kurkunu bai isa ya tare kwalara ba, ita sai wuta ko kilorin.

Hukuma ta riƙe nata daga gulbi zuwa famfo, ku kuma ku riƙe naku daga famfo zuwa baki. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.