Neman Likitan Ƙoda

Yau maganarmu a kan ciwon ƙoda ne, da wanda ya kamata ka kai wa kukanka.

Kadan ka ga ƙafafunka suna kumbura, ko fitsarinka yana kumfa, balle in kana da hawan jini ko ciwon sukari, maza je ka ɗakin shan magani. Malamin asibiti zai ba ka takarda zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake dashen ƙoda tun 2002.

Ba duk mai farar riga ne likita ba. Likitan gaskiya sunansa na cikin rajistar hukumar likitoci ta Nijeriya, watau MDCN, kuma kowace shekara sai ya sabunta lasinsa. Ka tambaye shi wannan, ka kuma tambaya ko ya yi karatu na musamman a kan ƙoda. Ba rashin kunya ba ne. Mai tallar jiƙo a tasha ba shi da ko ɗaya, jiƙon nasa kuwa yana iya ƙarasa ƙodar da ta riga ta raunana.

In kana da katin inshorar lafiya, tun kafin a ɗibi jininka ka tambayi akawun asibiti ko suna karɓarsa, da iyakar abin da zai ɗauke maka. Wankin ƙoda da inji akan yi shi sau biyu ko uku a mako, kowane zuwa da kuɗinsa.